Azumin Ɗan Fari

A layinsu na unguwar Jekadafari, cikin garin Gombe, babu wanda bai san Suwaibatu da gorar ruwa ba. In ka ji mace ta leƙo zaure tana ƙwala kira, "Dawo ka shanye ruwan nan!" to ita ce, kuma da Khalifa take. Khalifa ɗanta ne na fari, shekararsa tara, kuma yana da sikila. Tun bai iya tafiya ba likita ta zaunar da ita da mijinta Aƙilu ta yi musu bayani dalla-dalla. Jinin yaron nan ba ya shiri da sanyi, ba ya shiri da zazzaɓin sauro ko gajiya mai yawa, amma babbar abokiyar gabarsa ƙishirwa ce. Da zarar jiki ya bushe sai jinin ya yi kauri ya maƙale a ƙananan jijiyoyi, daga nan kuma sai ihu.

Suwaibatu ta san ihun nan. Ta sha riƙe yaron a gadon asibiti yana cizon matashin kai, yana roƙon a yanke masa ƙafar ya huta. Bayan kwanciyar da ya yi yana ɗan shekara bakwai, sai ta ce ita kam ta gaji da tsayawa tana kallo, ta ɗaura ɗamarar yaƙi. Kowace safiya ƙwayar magani kafin koko. Gora cike a jakar makaranta, in ya dawo da saura a ciki a tsaye zai shanye kafin ya cire takalmi. Wanka da ruwan ɗumi ko da garin na tafasa. Gidan sauro ko an ɗauke wuta ana ta zufa. In hadari ya haɗo za ka gan ta a guje da lema da rigar sanyi ta nufi makarantarsu, mayafi na jan ƙasa. Har fitsarinsa takan leƙa ta ga launinsa, ko kunyar faɗa ba ta ji. Khalifa ya raɗa mata suna Hajiya Famfo, ita kuma ta ce ta amsa, in dai zai sha.

Abin kuwa ya yi aiki. Kusan shekara biyu yaron bai kwanta asibiti ba. Ya yi 'yan kumatu, ya shiga ƙwallon layi a matsayin gola, tunda gola ba ya gudu. Ranar da suke zuwa ganin likita har nuna ta ake yi wa sababbin iyaye, a ce ku tambayi Maman Khalifa yadda take yi.

Amma wannan Suwaibatun ta Jekadafari ce. Akwai wata, wadda ke zuwa unguwar Dawaki gidan surukarta, kuma in ka ga wannan ba za ka ce ita ce mai ƙwala kiran ba. Goggo, mahaifiyar Aƙilu, a ruga ta tashi can bayan Kwadon kafin aure ya kawo ta gari, kuma ta zo da kunyarta cif-cif ba ta zubar da ko kaɗan a hanya ba. Aƙilu ne ɗanta na fari, har ya yi furfura a gemu ba ta taɓa kama sunansa ba, sai dai ta ce "wancan na sakatariya." Suwaibatu ma a irin wannan tarbiyya ta girma. A gaban manya uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta kallonsa, ba ta nuna ta damu ya ci ko bai ci ba. Ɗan fari na kakanni ne. Ko mijinta Baban Su'ad take ce masa, da sunan ƙanwar Khalifa. Dangin Aƙilu kaf sun shaida cewa sun yi dacen suruka mai kunya, ita ma tana jin daɗin wannan shaida. Mukan yaba abin nan ƙwarai, kuma yana da kyau a ranar suna da ranar biki, lokacin da babu abin da ke ci wa kowa rai.

Azumin shekarar ya faɗo a tsakiyar bazara, lokacin da zafin Gombe ke sa kwalta laushi. Da aka ba da hutun makaranta sai Goggo ta aiko a kawo mata mijinta, wato Khalifa, ya yi mata 'yan kwanaki. Ba a ce wa Goggo a'a a kan jikanta. Suwaibatu ta haɗa kaya, ta sa magani, ta sa gidan sauro da gora, ta kama kunnen yaron ya yi mata alkawarin ba zai yi azumi ba. Sannan ta tare Aƙilu a bakin ƙofa.

"Baban Su'ad, ka faɗa mata da bakinka. Ba azumi. Ko na rabin yini."

"Na ji."

"Ba ji nake so ba, faɗa nake so. Ka ce likita ce ta hana."

"Haba Suwaiba, uwata ce fa. Na san yadda zan yi da ita."

Bai sani ba. Ya durƙusa gaban Goggo ya miƙa magani, ya ce ɗaya kowace safiya, kuma kada a yi masa wanka da ruwan sanyi. Goggo ta dube shi sama da ƙasa ta yi dariya. "A wannan zafin wa ke maganar sanyi? Kai ma ka zama irin iyayen zamanin nan masu lallaɓa ɗan fari kamar ƙwai?" Aƙilu ya sosa ƙeya ya yi 'yar dariya, ya tashi bai kawo maganar azumin ba. Da ya dawo gida Suwaibatu ta tambaye shi ko ya faɗa, ya ce ya yi mata bayani.

Goggo ba muguwa ba ce, kuma ba ta jahilci cewa jikanta na da ciwo ba. Sai dai duk zuwan da ta yi duba shi a asibiti, ko da damina ne ko lokacin sanyi. A wurinta ciwon Khalifa ciwon sanyi ne da ke shiga ƙashi. Tana ba shi maganinsa ba fashi, tana tura shi cikin gidan sauro da kanta, ta hana shi taɓa ƙanƙara. Da bazara kuwa hankalinta kwance yake.

Gidan cike yake da jikoki, kowa na fariyar azuminsa, suna zaro harshe suna gwada wa juna wanda ya fi bushewa. Goggo kuma na da al'adarta: duk jikan da ya kai azuminsa na farko har magariba, kaza guda za a yanka masa, tasa shi kaɗai. Khalifa bai taɓa cin wata gasa a cikin sa'o'insa ba. Ba ya tsere, ba ya kokawa, in ana wasan ruwan sama ta taga yake kallo. Yanzu ga wata gasa da ba ta bukatar gudu, zama kawai za ka yi ka daure. Ya fara da kaiwa azahar, ya ga bai mutu ba, ya ƙara gwadawa washegari. Suwaibatu na kiran wayar Goggo ta gaishe ta da ibada, amma ba ta isa ta ce yaya yaron ba. Sai ta yi ta jan gaisuwa har Goggo ta ga dama ta ce, "Mijina yana nan lafiya lau," sannan ta yi sallama.

Ranar da ta kai kayan shan ruwa Dawaki, gero da sukari da dabino, ta isa ana gab da kiran la'asar, riƙe da hannun Su'ad. Mata na ƙarƙashin darbejiya suna gyaran wake. Goggo na kan tabarma da carbi, ga ƙannenta biyu da suka zo daga Kwadon. Suwaibatu ta cire takalmi tun daga nesa, ta durƙusa ta sunkuyar da kai, aka shiga gaisuwa mai tsawo, gida da gajiya da zafi da ibada.

Tun kafin ta gama durƙusawa ta riga ta gan shi ta gefen ido. Yana kwance a kan simintin baranda ya jingina da bango. Leɓensa ya yi fari ya tsattsage, farin idonsa ya soma rawaya, hannunsa ɗaya na murza ƙwaurinsa a hankali. Babu wanda zai lura da wannan murzar sai ita.

"Yau mijina zai kai," in ji Goggo da murna. "Tun sahur ko yawu bai haɗiye da gangan ba. Ga kazarsa can a ɗaure."

Suwaibatu ta waiga. Randa na nan kusa da ita a inuwa, moɗa a kife a kan murfi. Abin da ya kamata ta yi ba ɓoyayye ba ne, ta yi shi sau ba adadi a gidanta: ta tashi, ta ɗebo, ta tsaya a kansa. Ta ji ƙafafunta sun shirya tashi. Sai ɗaya daga cikin baƙin Kwadon ta ce, "Kun ga 'yar mutunci. Ko inda yake ba ta kalla ba. Da 'yan yanzu ne da tuni ta rungume shi tana sumbata." Aka yi dariya, aka sa mata albarka.

Goggo ta daɗe tana duban fuskarta, sannan ta ce, "Suwaiba, yaya kika gan shi?"

Suwaibatu ta san wannan tambayar, ko kuma ta zaci ta san ta. Tun tana goyonsa tsofaffin gidan ke tsokanarta da ita, su ce ga ɗanki ya yi kyau, don su ga ta ja mayafi ta rufe fuska su yi dariya. Amsar ta fito da kanta, yadda ta saba fitowa.

"Ni ina ruwana da shi, Goggo. Ai naki ne."

"To madalla," in ji Goggo, ta koma kan carbinta.

Daga nan Suwaibatu ta shiga 'yan dabaru irin na wanda ya rasa bakin magana. Ta ce zafin yau ko manya yana ba su wuya, aka ce wallahi kuwa. Ta jawo Su'ad ta raɗa mata ta je ta ce wa yayanta ya shiga ɗaki ya sha ruwa a ɓoye. Yarinyar ta je ta dawo ta ce ya ce saura kaɗan. Suwaibatu ta saci kallonsa, suka haɗa ido. Roƙo ne ƙarara a fuskar yaron, kada ta kunyata shi a gaban 'yan'uwansa, kada ta ƙwace masa abu ɗaya da ya kusa samu. Sai ta fara lissafi da zuciyarta. An yi la'asar, rana ta karkata, shekara biyu lafiyarsa ƙalau, ana kiran salla za ta sa a ɗura masa. Ta tashi ta karɓi suyar ƙosai don hannunta ya sami abin yi. Ta ƙona kasko na farko, abin da ba ta taɓa yi ba, matan suka ce azumi ne ya taɓa ta.

Aka kira magariba. Yara suka yi shewa, Goggo da kanta ta sa masa dabino a baki tana ce masa angonta jarumi. Ya sha kunun tsamiya, ya sha ruwa, aka ajiye masa kazarsa a kwano shi kaɗai. Ya juyo wajen uwarsa fuskarsa na haske ya ce, "Mama, na kai." Ta kawar da kai kamar yadda ya dace, tana tura wa Su'ad jug ɗin ruwa da gefen hannu don ta ƙara masa.

Bai ci ko rabin cinya ba ya ajiye. Da aka tashi alwalar isha ya yunƙura ya kasa miƙewa. Ya cije leɓe ya yi shiru, don Goggo ta koya wa jikokinta cewa namiji ba ya raki. Ya daure iya daurewarsa, sannan ihun ya ƙwace masa, irin wanda Suwaibatu ta yi shekara biyu tana gudu.

A nan kunya ta ƙare. Ta ture kwanuka ta tsallake tabarmar surukarta, ta ciccibi yaro ɗan shekara tara ta saɓa a baya, ta fita titi ba takalmi ba mayafi tana tare napep. Mutanen da ke tafiya masallaci suka dare mata hanya.

A asibiti aka sa masa ƙarin ruwa, aka yi masa allurar kashe zafi. Da safe likitarsu ta zo, wadda ta san shi tun yana rarrafe. Ta duba shi, ta tambayi abin da ya faru.

"Azumi ya yi," in ji Suwaibatu.

Likitar ta ɗago kai. "Azumi? Ba kya nan ne, Maman Khalifa?"

"Ina nan."

Likitar ta sunkuyar da kai ta ci gaba da rubutu. Da ta zage ta da ya fi wa Suwaibatu sauƙi.

Washegari ciwon ya bar ƙafafu ya hau ƙirji. Zazzaɓi ya rufe shi, numfashi ya koma sama-sama, aka sa masa robar iska a hanci, aka ce a nemo jini. Aƙilu ya yi ta zirga-zirga yana kiran abokan aikinsa. Da rana tsaka ya sami Suwaibatu a baranda, ya tsaya kusa da ita yana kallon ƙasa.

"Suwaiba, ban faɗa mata ba. Maganar azumin. Na kasa."

Ta nemi fushi a ranta ta rasa. Abin da ya shaƙe shi a gaban Goggo shi ne ya shaƙe ta, ta san ɗanɗanonsa. Ta ce masa ya je ya ga ko jinin ya iso.

An yi duk abin da ake yi. Wata safiya yaron ya ɗan farfaɗo, ya janye robar daga hancinsa ya ce, "Mama, Allah ya karɓi nawa ko? Ai na kai." Ta ce ya karɓa. Ta mayar masa da robar, ta riƙe hannunsa, ta yi ta kiran sunansa a hankali. Kafin azahar ya cika. Saura 'yan kwanaki salla, ɗinkinsa na wurin tela ba a karɓo ba.

A Dawaki aka yi zaman makoki, tunda nan ne babban gida. Suwaibatu ta zauna a kusurwar ɗaki cikin hijabi, mata na shiga suna fita. Ba ta yi kuka ba. Uwa ba ta kukan ɗan fari a gaban surukai, kuma ko da an yarda ta yi, hawayen sun ƙafe. Sai aka shiga yabonta. Wannan ta ce ba ta taɓa ganin haƙuri irin na Suwaiba ba. Waccan ta ce ai tun yana da rai haka take, ko ranar da abin ya faru tana zaune ko gezau. Kowace kalma tana shigarta kamar ana zuba mata tafasasshen ruwa, tana amsawa da amin. A ranta ta tsani yabon, ta tsani masu yin sa, ta fi tsanar wadda ta zauna tana suyar ƙosai.

Bayan sadakar uku, da hantsi, baƙi sun ragu, Goggo ta aika a kira ta ɗakinta. Tsohuwar ta zube a 'yan kwanakin nan, zanenta ya yi mata yawa. Suwaibatu ta durƙusa daga bakin ƙofa.

"Matso nan," in ji Goggo. Ta matsa. Goggo ta ajiye carbinta.

"Ranar nan na ga leɓensa. Tun azahar raina bai kwanta ba. Na ce ya sha ruwa ya ƙi, na ce to bari uwarsa na hanya, ita ke zuwa wurin likita, ita ta san ciwon nan ciki da waje. Da kika zo na tambaye ki."

Suwaibatu ta ɗago kai, karo na farko tun aurenta ta dubi surukarta ido cikin ido. "Na zaci tsokana ce, Goggo."

"Ba tsokana ba ce, ɗiyata. Da gaske nake tambaya. Na yi ta duban fuskarki ko zan ga wani abu, ban ga komai ba. Da gira kawai kika ɗaga mini, wallahi da hannuna zan danne shi in ɗura masa, kaza kuma in ba shi biyu. Kika ce nawa ne. Na ce to, tunda ta gan shi ba ta damu ba, lafiya ke nan."

"Ni kuma ke nake jira," in ji Suwaibatu. "Ina jira ki ce a ba shi."

Goggo ta rufe ido, hawaye na bin tsagar fuskarta. Ta buɗe baki za ta ce a yi haƙuri, ta fasa.

Kukan ya taso wa Suwaibatu tun daga ciki, mai ƙarfi, marar kyan ji. Ta kifa kanta a kan gwiwar tsohuwar tana kiran Khalifa, tana faɗin sunansa na yanka Abdulmumini, tana cewa ta gani, wallahi ta gani tun daga bakin ƙofa. Muryarta ta fita har tsakar gida, masu wanke-wanke suka tsaya cak. Ɗaya daga cikin baƙin Kwadon ta taho da sauri ta ɗaga labule.

"Subhanallahi, wa ke kuka haka? Suwaiba, ke ce? A gaban Goggo?"

Goggo ba ta ɗauke hannunta daga kan surukarta ba.

"Uwarsa ce," ta ce. "Saki labulen."